Allurar Ido Da Hawan Jinin Ido

A hutun da ya wuce na raka kawuna asibiti. Ciwon sukari ya kumbura masa cikin ido, sai likita ya yi masa allurar siteroid a ƙwayar idon. Da gani ya gyaru, kawu ya ce shi da asibiti kuma sai wata rana. Da ƙyar na lallashe shi muka koma bayan mako shida. Aka auna ƙarfin ruwan idon, aka sami 32, alhali na mai lafiya tsakanin 10 da 21 ne.

Ga dalili. Cikin ido akwai ruwa wanda kullum yana ɓuɓɓugowa, yana tsiyayewa ta wata 'yar rariya. Maganin nan yakan toshe rariyar, ruwa ya taru, ya danne jijiyar gani. Wajen mutum ɗaya cikin uku ke gamuwa da wannan. Abin tsoron shi ne ba zafi, kuma ganin da ya tafi ba ya komowa.

Aka ba kawu maganin ɗigawa, ƙarfin ya sauka. To, 'yan'uwa malamai, mu gaya wa iyayen yaranmu: wanda aka yi wa allurar nan, lalle ya koma awo, ko da yana gani garau.