Boren Poljica: Yadda Talakawan Kuroshiya Suka Ƙi Mulkin Faransa

A gaɓar Tekun Adiriyatik, kusa da birnin Split na ƙasar Kuroshiya ta yau, akwai wani yanki mai duwatsu da ake kira Poljica. Mutanensa manoma ne da makiyaya, amma sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulkin kansu. Suna da kundin dokoki tun na shekarar 1440, kuma kowace shekara sukan taru su zaɓi shugabansu. Turkawa da mutanen Venis duk sun karɓi haraji a hannunsu, amma ba wanda ya rushe wannan tsari.

A shekarar 1805 Napoleon ya ci Ostiriya da yaƙi, ya karɓe lardin Dalmashiya wanda Poljica ke cikinsa. Sojojinsa suka iso a 1806. Gaskiya ne Faransawa sun gina hanyoyi, kuma a zamaninsu aka fara buga jarida da harshen Kuroshiya a birnin Zadar. To amma sun zo da haraji mai nauyi da ɗibar samari aikin soja ala tilas, ga shi ba su san wata doka ba sai tasu. Ai kuwa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A watan Yuni na 1807 mutanen Poljica suka yi bore, suna dogaro da jiragen yaƙin Rasha da ke sintiri a tekun. Janar Marmont ya auka musu, cikin 'yan kwanaki ya murƙushe su. Aka ƙone ƙauyuka, aka kashe mutane, aka soke mulkin Poljica. Shugabansu, Ivan Čović, ya bi Rashawa ya yi gudun hijira. Wata guda bayan haka Sarkin Rasha ya yi sulhu da Napoleon a Tilsit.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A 1809 jama'ar Dalmashiya suka sake tashi, wani limamin Kirista mai suna Andrija Dorotić yana cikin jagororinsu. A 1813 mutanen Dubrovnik suka ɗauki makamai don maido da jamhuriyarsu da Faransa ta soke a 1808.

Faransawa sun fita, amma taron Biyana na 1815 ya danƙa ƙasar ga Ostiriya. Talakawa suka zubar da jini, manyan ƙasashe suka yi rabo. Poljica ba ta sake zaɓen shugabanta ba.