Supacajar Ɗauri: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Ƙarin Ƙarfi?

Yau za mu ɗaga bonet mu duba wata na'ura da masu son gudu, musamman a Amurka da Ostireliya, suke saye da kuɗinsu su ɗaura wa mota bayan ta baro kamfani. Ana kiranta supacaja. Duk wanda zai saya, abin da yake fara tambaya shi ne ko motar za ta yi ƙarko. Matsayin da zan kare a shirin nan shi ne, na'urar kanta ba kasafai take mutuwa ba. Mai shan wahala shi ne injin da aka ɗora mata, domin wanda ya ɗaura ta ya karɓi aikin injiniyoyin kamfani ya rataya wa kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Injin mota fetur yake ƙonawa da iska, kuma iskar da ya iya zuƙa ita ce iyakar ƙarfinsa. Supacaja famfo ce da bel ke juyawa daga kiranshaf, tana cusa wa injin iskar da ba zai iya ja da kansa ba. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne, asalinta ma daga nan yake: wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar irin wannan famfo a 1860, aka riƙa hura wutar narka ƙarfe da shi. Sai a 1921 Mercedes ya nuna motocin sayarwa masu ɗauke da supacaja a birnin Balin. A ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi, nauyin iskar da ke kewaye da mu a bakin teku 14.7 ne. Idan supacaja ta ƙara 7, iskar da ke shiga silinda ta ƙaru da kusan rabi ke nan, sai a ƙara mata fetur daidai gwargwado, ƙarfi ya tashi. Abin da mai talla ba ya son tsayawa a kai shi ne, matsi da zafin da ke kan fistin su ma sun tashi tare.

Kowane kamfani yana barin rara a cikin injinsa. Yana yin fistin da sandarsa da ringi da lagireto su fi ƙarfin aikin da za su yi, saboda ya san wata rana motar za ta sha gurɓataccen mai, ko ta hau tudu da kaya cikin tsananin rana, ko ta faɗa hannun wanda ba ya juyen baƙin mai a kan lokaci. Wannan rarar ita supacajar ɗauri take ci. Wanda ke son ya san girman abin, ya duba yadda kamfanoni ke yi idan su da kansu za su saka na'urar. Lokacin da Dodge ya fito da Challenger Hellcat na 2015 mai ƙarfin doki 707, bai ɗauki tsohon injinsa ya ɗora masa famfo kawai ba. Ya sauke matsin silinda zuwa ninki 9.5, alhali ɗan'uwansa mai lita 6.4 marar supacaja yana da 10.9. Ya saka fistin da aka ƙera da matsi maimakon na zubi, akwai bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, sannan ya ware wa iskar da ake cusawa nata ruwan sanyi da nata famfon. Juya supacajar kaɗai kan cinye wajen ƙarfin doki 80 idan an take totur. Kamfanin da ke da ɗakunan gwaji ya ga dole ya yi duk wannan. Mai ɗauri a gareji yana neman irin sakamakon ne da kayan cikin da ba a taɓa su ba.

Mafi yawan injinan da suka buga bayan ɗauri, abin da ya kashe su ƙuna ce da ta ɓaci. Iska idan aka matsa ta zafi take yi, zafin kuma kan sa ragowar fetur a cikin silinda ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ƙarar ƙwanƙwasa da direba kan ji, wani lokaci ma rurin salansa ya hana shi ji. Tana dukan kan fistin, tana cin gaskit, tana gajiyar da metal. Akwai kuma ɗan gibi da ake bari a bakin ringi domin ƙarfe ya samu wurin buɗawa idan ya yi zafi. Injin da ba a yi shi don supacaja ba gibinsa ƙarami ne, zafi na wuce ƙima bakin biyu su haɗu, ringin ya ƙage ya ɓalle gefen fistin. Duk wannan yana iya faruwa cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa nake ganin saitin kwamfutar mota ya fi ita na'urar muhimmanci, domin shi ke faɗin yawan man da nozul zai fesa da lokacin da filogi zai kawo wuta. Idan famfon mai ko nozul sun gaza kai abin da ake buƙata, iska ta rinjayi fetur, zafi ya ƙaru, mai mota kuwa yana jin daɗin gudu har zuwa lokacin da hayaƙi zai tashi.

Wani zai ce, ai akwai motoci da yawa da suka yi shekaru da supacajar ɗauri lafiya lau, har da garanti. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Kamfanin Roush ya sayar da kayan ɗauri da ke ɗaga Mustang GT na 2018 daga ƙarfin doki 460 zuwa 700, da garantin shekara 3 ko mil 36,000, wato kusan kilomita 58,000. Sashen TRD na Toyota ya daɗe yana sayar da supacajar da ke kai Tacoma mai lita 4 daga 236 zuwa 304, kafin ya daina a 2015. Amma a karanta sharuɗɗan. Dole ƙwararren da aka amince da shi ya ɗaura, dole a bar saitin da suka rubuta, dole a bar fulin da suka saka (ƙafar da bel ke juya na'urar da ita), dole a sha man da suka ce. Ma'ana, sun auna rarar da ke cikin wannan injin, sun ci gwargwadon da suka san zai jure, suka ja layi. Garantin yana tabbatar da maganata ne: ƙarko yana nan matuƙar akwai wanda ya yi gwaji kuma an tsaya a inda ya tsaya. Matsalar ita ce tsayawar. Fuli ƙarami ba shi da tsada, yana sa na'urar ta ƙara saurin juyawa, kuma wanda ya saba da 700 ba ya daɗewa bai fara tunanin 800 ba. Ko dokar Amurka ta Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garantin mota gaba ɗaya don kawai an saka kayan wani, ba ta tilasta masa gyara abin da ɗaurin ya lalata ba.

Wani kuma zai ce, ai a tafiyar yau da kullum na'urar hutawa take yi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa idan ba a take totur ba, iska ta zagaya ba tare da matsi ba, injin ya yi aikinsa kamar da. Akwai kuma na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa, ta sa kwamfuta ta jinkirta wuta. Sai dai ita wannan na'urar sai an fara dukan take ji, kuma jinkirin da za ta iya yi yana da iyaka. Lokacin haɗari kuwa ba sai a filin tsere ba. Mota ce a babbar giya, injin yana juyawa a hankali, ga tudu, ga rana, ga iyakwandishan a kunne, direba ya take don ya wuce tirela. Supacaja irin ta Roots tana ba da matsi tun daga ƙasa, don haka a daidai nan fistin ke ɗaukar nauyi mafi muni.

Kulawar kuma ƙaruwa take yi, kuma ya kamata a lissafa ta tun kafin saye. Supacaja tana da nata man daban. Irin ta kamfanin ProCharger mai riƙe manta a ciki ana juye shi bayan mil 500 na farko, daga nan duk mil 6,000, yayin da masu ƙirar kamfanin Eaton kan yi dubban mil masu yawa kafin a taɓa su, abin da ke sa mutane mantawa da su ɗungurungum. Bel da abin da ke ɗaure shi suna ɗaukar nauyin da ba su saba ba, baƙar ƙura a kusa da fuli alama ce bel yana zamewa. Filogi sai an koma mai saurin fitar da zafi, an rage gibinsa, an riƙa sauya shi da wuri. Baƙin mai yana saurin gajiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan famfon lantarki da ke zagaya ruwan sanyaya iska, domin idan ya mutu a motoci da yawa ba wata fitila da za ta kama, sai dai ƙarfi ya ragu, zafi ya yi ta taruwa. Bayan injin kuma ga kuloci, ga giyabos, ga aksul, dukansu an yi su ne don tsohon ƙarfi. Wanda ya ƙara gudu ya bar birki da taya yadda suke, rayukan mutanen da ke kan hanya ya saka a cikin cinikinsa, kuma wannan ya wuce maganar aljihu.

Masu sauraro a Kano ko Maraɗi za su ce ai mun san Marsandi mai rubutun Kompressor a baya, C180 da C200, suna ta yawo a titunanmu. Haka ne, amma waɗannan daga kamfani suka fito da supacajarsu, an yi injin don ita, matsin kuma matsakaici ne. Ta ɗauri daban ce, kuma akwai tarko a lambar mai. Kayan ɗauri na Amurka galibi suna neman fetur mai oktan 91 ko 93, amma ma'aunin Amurka ba irin na Turai da mafi yawan Afirka ba ne. 91 nasu ya yi daidai da wajen 95 a namu ma'aunin, 93 kuma wajen 98, yayin da 91 namu bai wuce 87 nasu ba, wato man gama-gari. A gidajen man Najeriya galibi fetur iri ɗaya ake sayarwa, babu zaɓi, balle wanda ya tsaya wajen 'yan bumburutu. A haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska tana goge fukafukan na'urar, za a ga saitin da aka rubuta don man Amurka ba shi da hurumi a nan.

Saboda haka wanda ya ga mota a Kwatano ko a hannun dillali, an ɗaga bonet ana nuna masa supacajar ɗauri a matsayin ƙarin daraja, ya tambayi wanda ya yi saitin da irin man da aka yi shi dominsa. Ya sa a auna matsin kowace silinda, a auna girman fulin a gwada da wanda masu kayan suka rubuta, a kunna mota a tabbatar ruwan sanyaya iska yana zagayawa. Idan ya saya, ya nemi mai iya sake saitin ya rage wuta da matsi daidai da man da ake samu, ya yarda da asarar wani ɓangare na ƙarfin da aka yi masa talla da shi. Idan babu mai wannan aikin a kusa da shi, gara ya nemi asalin kayan injin a cire supacajar, a mayar da kwamfutar kan saitin kamfani.