Yadda Za A Kiyaye Kwamfutar Gida Daga Ɗauke-ɗauken Wuta

A gidajen da yawa daga cikinmu yanzu akwai kwamfuta. Wani malami yana ajiye sakamakon jarrabawa a cikin tasa, wani sakataren ikilisiya yana ajiye sunayen membobi da lissafin baiko, ɗalibai kuma suna koyon buga rubutu. Dukanmu kuwa mun san halin wutar lantarki a ƙasar nan. An canja wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an kuma sayar da sashen rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma har yau in an kawo wuta yara sunan NEPA suke kira, ɗaukewar kuma tana nan. Saboda haka ya kamata mai kwamfuta ya san abin da ke faruwa da na'urarsa a irin wannan lokaci.

In aka ɗauke wuta farat ɗaya, duk abin da kake rubutawa wanda ba ka adana ba ya tafi ke nan, gama ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wato RAM, ba ta riƙe kome in babu wuta. Wannan ƙaramar hasara ce. Wadda ta fi ta ita ce a ce kwamfutar tana cikin rubuta fayil a faifan ajiya, sai wutar ta tafi, fayil ɗin ya tsaya rabi. In kuwa Windows yana cikin sabunta kansa ne, mai yiwuwa ne kwamfutar ta ƙi tashi sam.

Amma a ganina, dawowar wuta ta fi ɗaukewarta hatsari, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Wutar gida a Nijeriya ya kamata ta zama volt 230. Sa'ad da aka dawo da ita, takan zo da ƙarfi fiye da haka na ɗan lokaci, ko ta yi ta zuwa tana komawa. Akwai kuma ranar da wayar nutural takan tsinke a kan layi, sai wutar da ta kusa volt 400 ta shigo soket. Ranar nan ce za ka ji unguwa duka ana kukan talabijin da firiji da ƙwan fitila. Don haka doka ta fari, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce da zarar an ɗauke wuta ka kashe makunnin soket, ka cire fulogi. In an kawo, ka dakata minti biyar ko fiye, ka ga fitila ta tsaya cik tukuna. Haka nan in za a koma kan janareta, a bar shi ya daidaita kafin a haɗa kwamfuta, a kuma kashe kwamfutar kafin a kashe shi. Ƙaramin janareta da mansa ya kusa ƙarewa yakan yi ta shaƙewa, wutarsa tana hawa tana sauka.

Na'urori uku ne ake saya don kāriya, mutane kuwa sukan ɗauka aikinsu ɗaya. Sitabilaiza tana ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage ta in ta yi yawa, amma in an ɗauke, ita ma ta mutu. Mai tare ambaliyar wuta, wanda yake kama da dogon soket mai baki huɗu ko shida, yana shanye bugun da ya zo nan take. Sai dai ku lura, da yawa daga cikin dogayen soket da ake sayarwa a kasuwa makunni da jar fitila kaɗai gare su, babu wata kāriya a ciki. Na ƙwarai ɗin ma yana bukatar wayar ƙasa mai kyau a gidan, yana kuma gajiya bayan ya sha bugu da yawa. Ta ukun ita ce UPS, mai batir a ciki. Ƙaramar ta gida takan riƙe kwamfutar tebur na 'yan mintoci kawai. Ba don ka ci gaba da aiki aka yi ta ba, sai don ka adana aikinka ka kashe kwamfutar yadda ya kamata. Kada a haɗa mata dutsen guga ko firinta mai lesa. Batirinta yakan yi shekara biyu zuwa huɗu, zafin ƙasarmu kuma yana rage masa kwana. Ka riƙa gwada ta lokaci lokaci. Ka rufe ayyukanka, ka kashe makunnin bango, ka ga minti nawa za ta riƙe. Mai laftof ya huta da wannan, batirinsa ne UPS ɗinsa, sai dai cajarsa ta ƙone.

To, in wuta ta riga ta buge kwamfutar fa? Fara da hanci. In ka ji ƙaurin ƙuna, kada ka kunna. Galibi akwatin wuta na cikin kwamfutar ne ya ƙone, canja shi kuwa ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa. Ɗalibai masu son kwance abubuwa, ku ji da kyau, kada ku buɗe wannan akwati, gama yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire fulogi. A kai wa mai gyara.

In babu ƙauri, ka kunna ka kasa kunne. Tsohon faifan ajiya yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, in kuwa ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ya fara mutuwa. Kada ka tsaya gwaje-gwaje, ka fara kwashe muhimman fayilolinka zuwa filashi tun yana iya karantuwa. Sabon faifai irin SSD ba ya ƙara ko kaɗan, don haka sai a yi amfani da manhaja kamar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, ta nuna lafiyarsa.

Bayan an kwashe fayiloli, sai a buɗe Command Prompt da ikon mai kula da kwamfuta, a rubuta chkdsk C: /f. Za ta nemi izinin yin binciken a kunnawa ta gaba, ka yarda, ka sake kunnawa. Ka tabbata akwai wuta tsayayya kafin ka fara, domin in aka ɗauke a tsakiyar gyara, ɓarnar za ta ƙaru. Daga nan sai sfc /scannow, wanda yake duba fayilolin Windows kansa ya gyara waɗanda suka lalace. Dubi agogo da kwanan wata kuma. In kullum bayan an ɗauke wuta suna komawa baya, ƙaramin batir mai kamar sulalla da ke kan babban allon kwamfutar ne ya ƙare. Sunansa CR2032, mai volt 3, ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

Game da ajiya, kowane fayil mai muhimmanci ya zauna a wuri biyu aƙalla, na biyun kuma kada a bar shi a jikin kwamfutar, gama bugun da ya kashe ta zai iya kashe shi. Ranar Jumma'a bayan an tashi makaranta lokaci ne mai kyau na kwafe aikin mako. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a cire fulogi daga bango gaba ɗaya, har da wayar intanet in akwai. Babu sitabilaiza ko UPS da za ta iya tare tsawa.