Daren malamar jami'a

Wanda ya tsaya bakin titi a Birchi da sanyin safiya zai ga motoci daga Katsina sun nufi Dutsin-Ma. Cikin fasinjojin akwai malamai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Kafin malama ta shiga motar nan ta dama koko, ta shirya yara, ta leƙa surukarta da ta kwana da ciwon ƙafa. Tafiyar ta kai kilomita 60, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ke cin albashi.

Shiga aji bai dame ta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin girma. Jami'a takan duba malami bayan shekara uku, ta ƙirga maƙalun da ya buga a mujallun ilimi, ta tambayi digirin digirgir. Rana kuwa ta ƙare a lacca da taron sashe da duba aikin 'yan ajin ƙarshe. Rubutu sai dare. Abokin aikinta ya ci tuwo, ya yi Isha'i, ya buɗe kwamfuta. Ita a lokacin tana tsakar gida da goyo, ga wanke-wanke, ga takardun jarrabawa a leda suna jiran maki. Sai kowa ya kwanta take samun kanta, idan barci bai riga ta ba. Ma'auni ɗaya ake auna su da shi, alhali daren nasu ba ɗaya ba ne, kuma a ganina nan ne rashin adalcin yake.

Dokar aikin gwamnatin tarayya ta ba mai jego hutun mako 16. Madalla. Amma maƙalar da ba a rubuta ba a shekarar shayarwa, babu mai yafe ta. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatu, sai dai tafiyar shekaru zuwa Zariya na buƙatar yardar maigida da wanda zai riƙe yara.

Ga kuma tsaro. A Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan hayarsu. Laccar yamma ga mai komawa Katsina ta zama fargaba, kowa na son ya wuce Kurfi kafin magariba.

Duk da haka malamai matan suna son aikin. Yarinyar ƙauye da ta ga mace riƙe da alli a gaban ɗaruruwan ɗalibai, ta samu hujjar da za ta kai wa mahaifinta. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta zama shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016, hanyar a buɗe take. Abin da zai rage nauyin bai fi ƙarfin hukuma ba: ɗakin raino kusa da azuzuwa, gidajen malamai cikin harabar makaranta, da jadawalin da zai sallami mai shayarwa kafin la'asar.