Mutanen Masacusat da ƙasar da ba ta da shinge

Inda birnin Boston na Amurka yake a yau, mutanen Masacusat ne ke noman masara da kamun kifi. Daga 1616 zuwa 1619 wata annoba da jiragen Turawa suka kawo ta cinye galibinsu, garuruwansu suka koma kufai. A 1630 John Winthrop ya sauka da jama'arsa daga Ingila, da hujjar cewa ƙasar da ba a kewaye da shinge ba, ba ta da mai ita. Agana ta 1633 ta kashe sarkinsu Cikatabut. Wasu daga cikin ragowar aka tara su a garin Natik a 1651. Da yaƙi ya ɓarke a 1675 sai aka kwashe su zuwa tsibirin Deer, inda sanyi da yunwa suka hallaka da dama.