Ƙasar Zuru: Tuddai, Jar Dawa Da Tukunyar Burkutu

Duk wanda ya taso daga Kontagora ya bi ta Rijau zuwa Zuru a watan Nuwamba, dawa ce za ta fara cika masa ido. Ta rufe gindin duwatsu, ta hau gangaren tuddai, zangarniya ja wur ta sunkuya don nauyi.

A yankin Burgundi na ƙasar Faransa, manoma sukan ce ɗanɗanon ruwan inabinsu daga ƙasar gangaren tudu yake fitowa, har gona da gona sukan bambanta. Mu ma muna da irin wannan magana, sai dai tamu a kan dawa take. Inabi ba ya son laima sa'ad da yake nuna, ga shi kuwa daminarmu takan kama daga Mayu har Oktoba, da ruwa wajen milimita 1,000. Shi ya sa manoman inabi na Kudan, kusa da Zariya, suke ban ruwa su tsinka da rani, nasu kuma na ci ne. Ruwan inabin da muke karantawa cikin Littafi Mai Tsarki ba amfanin ƙasarmu ba ne.

Ƙasar kan tudu a Zuru ja ce, ga tsakuwa ga marmara, ba ta da zurfi, ruwa ba ya kwanciya a kanta. Masara takan yi yaushi a nan in aka yi kwana goma ba ruwa, amma dawa sai ta naɗe ganye ta jira. Baƙar laka ta fadama kuwa an bar wa shinkafa da rake. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun san wannan tun kaka da kakanni. A al'adar golmo ta dā, saurayi yakan yi wa surukinsa noma shekara bakwai kafin a ba shi mata, abin da kan tuna mana da Yakubu a gidan Laban.

Daga wannan dawa ake dafa burkutu, sana'ar mata ce kuwa. A jiƙa hatsin, a shanya a rufe har ya yi tsiro, a busar, a niƙa. A dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sāke dafawa, sa'an nan a zuba ragowar tsohon dahuwa don ya tashi. Aikin kusan mako guda ke nan, ga cin itace, abin kuma ba ya ajiyuwa: bayan kwana biyu ko uku ya lalace. Ruwan inabi yakan shekara a kwalba, burkutu kuwa dole a shanye shi, a nan ma rabin matsalar take.

Ikkilisiyoyinmu da yawa, kamar UMCA da ECWA, sun hana sha da dafawa. Amma kada mu ruɗi kanmu, 'yan'uwa. Akwai gwauraye mata da suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu daga bakin wannan tukunya, kuma wanda ya ce su bari, ya kamata ya nuna musu abin kamawa. A ɗaya gefen, buhun da ya shiga tukunya bayan kaka, lokacin bikin Uhola da bukukuwan aure, shi ne wanda ake nema a rumbu cikin Agusta a rasa, sa'ad da mudu ya yi tashin gwauron zabo.

Dawa tana da wata kasuwa. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma ga dawar gida, har da masu yin abin sha na malt marar sa maye. An ɗage hanin daga baya, amma ba su saki dawa ba. Sai dai sun fi neman farfara da kaura, ba ja ba, suna kuma son hatsi tsabtatacce marar tsakuwa.

Ƙasar ma ta gaji. Gonar da aka yi ta maimaita dawa a kanta ƙuduji ya mamaye ta, ruwa yana kwashe ƙasar gangare, rashin tsaro kuma ya raba manoma da yawa na Danko/Wasagu da Sakaba da gonakinsu na nesa, sai aka matsa wa na kusa da gari. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Muna roƙon malamanta su fito ƙauyuka da irin da ke jure ƙuduji, su kuma ƙarfafa juya dawa da gyaɗa ko wake, tun kafin ruwan Mayu ya sauka.