Baba: Uba a Istanbul, Tsohuwa a Mosko

Tsaya a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano ka ce “baba”, marini zai nuna maka shuɗin ruwan da ke cikin rami. Shiga gida ka sauya karin murya, mahaifi ne zai amsa. Ƙara karkata ta kaɗan, sai uwa ko gwaggo ta waiwayo. A takarda haruffa huɗu ne rak, kunne ne ke raba su. Shi ya sa wanda ya ga sunan Baba a bangon littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954 zai iya zaton namiji ne, alhali dattijuwa ce, mutuniyar Karo, take ba da labarin rayuwarta.

A wajen ƙasar Hausa abin ya fi haka faɗi. Bayarabe da mai jin Suwahili da mutumin Turkiyya duk uba suke nufi. A Indiya dattijo mai gudun duniya ake ce wa baba. A Rasha da Folan kuwa mace ce, tsohuwa ko ’yar ƙauye, har kiran mace haka kan zama raini. Can ne Baba Yaga take, mayyar tatsuniyarsu mai bukka a kan ƙafafun kaza. A Hangari jariri ne ko ’yar tsana, a Sifaniyanci kuma yawun da ke dalala daga baki.

Wasu kan yi saurin cewa ai ga shaida, harsuna duk tushensu ɗaya. Ni ban gamsu ba. Abin da ya kwanta mini a rai shi ne bayanin masanin harshe Roman Jakobson na 1960 kan sunayen da yara ke kiran iyaye. Ɗora ɗan wata bakwai a cinya ka zuba masa ido: ya haɗe leɓe, ya buɗe baki, sai ka ji “ba-ba-ba” ko “ma-ma-ma”, don babu furucin da ya fi wannan sauƙi gare shi. Yaro bai kira kowa ba. Manya ne ke rige-rigen cewa “da ni yake”, kowace al’umma ta miƙa sunan ga wanda ta ga dama.

A ƙasar Jojiya uba ne ya samu “mama”, uwa ta tashi da “deda”. A Hindi, mama kawu ne. Mu kuwa mun ba uwa, muka kuma ba nonon da jaririn ke lalube.